Zan kai Hajiya Fas: cikin tsohon gari za mu sauka ko a waje?

Abban Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san Fas ta Maroko. Mahaifiyata ta daɗe da burin ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, bana dai Allah ya nufa, biza ta fito. Ta Legas za mu tashi mu sauka Kasablanka, daga can mu hau jirgin ƙasa. Kwana biyar gare mu a garin. Damuwata ita ce Hajiya ta haura saba'in, gwiwa kuma ta fara gardama. Wani ya ce kada in kuskura in kai ta cikin tsohon gari ta kwana, in kama otal a waje mu riƙa zuwa da tasi. Wani kuma ya ce in na yi haka na yi asarar kuɗin jirgi. Sannan ban da zawiyar Shehu, me ake gani? Ba na so mu ƙare da kallon bangon ɗaki.

Ɗalibin Fas: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya kawo ku lafiya. Shekarata huɗu ina karatu a nan, bari in fara shimfiɗa maka garin tukuna.

Fas gari uku ne a haɗe. Akwai Fas al-Bali, tsohon birni mai ganuwa, wanda Idrisu na ɗaya ya aza harsashinsa a 789, ɗansa Idrisu na biyu ya mai da shi babban birni bayan shekara ashirin. Nan zawiya take, nan masallacin Ƙarawiyyin yake. Sai Fas Jadid, wato sabuwar Fas, amma kada sunan ya ruɗe ka, sarakunan Banu Marin ne suka gina ta tun 1276, can fadar sarki take da tsohuwar unguwar Yahudawa. Na ukun shi ne garin da Faransawa suka yanka bayan sun karɓi ƙasar a 1912, mai manyan tituna da bankuna da tashar jirgin ƙasa. In ka ji an ce "waje", shi ake nufi.

Abin da ya kamata ka sani tun daga gida: mota ba ta shiga Fas al-Bali. Ko keke napep ba shi da hanya. Ƙafa ce, sai jaki da alfadari da masu kura. Kuma garin a cikin kwari yake, in ka shiga ta sama gangara za ka yi ta yi, dawowa kuma hawa.

Alhajin Kwari: To ka ji da kunnenka. Ɗan'uwa, kama otal mai lifta kusa da tashar jirgi ka huta. Sau uku ina zuwa sarin jallabiya. Zuwan farko aka yaudare ni da hoto na kama ɗaki a cikin gari. Tasi ya ajiye ni a bakin ƙofa, na ja akwati a kan duwatsu har taya ɗaya ta fita. Taswirar waya ta rikice, ta ce in yi dama, na yi dama na ci karo da bango. Wani yaro ya ce zai nuna mini hanya fisabilillahi, ya zaga da ni shagon kafet na kawunsa, da muka isa masauki kuma fisabilillahin ta koma dirhami. Ɗakin kuwa hawa na uku, matakala kamar ta hasumiya. Ni mai ƙafa biyu lafiyayyu ke nan. Ina ga tsohuwa?

Maman Ilham: Alhaji, da girmanka, amma kai kasuwa ta kai ka, ita kuwa ziyara za ta. Ba ɗaya ba ne.

Abban Sadiƙ, na kai tawa mahaifiyar, ita ma da sanda take tafiya. Kwana biyun farko a waje muka zauna bisa irin wannan shawarar. Kullum sai mun jira tasi, kuma ƙananan tasin garin, jajayen nan, mutum uku kawai suke ɗauka, mu kuwa mu huɗu ne, sai an raba. A sauke mu, mu taka, ta yi salla, ta ɗan zauna, a fara tunanin komawa. Asuba ba ta samu a zawiya ba ko sau ɗaya. Daren na biyu ta ce mini, "Ni fa ba otal na zo gani ba." Washegari muka kwashe kaya muka koma ciki.

Kuskuren Alhaji shi ne ƙofar da ya shiga. Yawancin baƙi Bab Bujulud ake kai su, ƙofar nan mai shuɗin tayil da ake gani a hotuna. Tana da kyau, amma tana can saman gari, tsakaninta da zawiya tafiya ce mai tsawo. Ku ce wa mai tasi Rasif. Fili ne a ƙasan kwarin inda mota ke iya kaiwa, daga nan zuwa Ƙarawiyyin 'yan mintoci ne, zawiya kuma tana gaba kaɗan, a unguwar Blida. Ka nemi masauki a wannan kewayen. Kafin ka biya, ka sa su turo maka bidiyon ɗakin da hanyar shiga, ka dage sai ɗakin ƙasa. Gidajensu tsakar gida ce a tsakiya, ɗakuna a kewaye, irin namu na da, sai dai su sama suke yi. Ka kuma ce su turo mai kura ya tarye ku.

Alhajin Kwari: Hajiya, na ji. Amma sanyi fa? Gidajen nan in hunturu ya shiga kamar randa suke.

Maman Ilham: Wannan gaskiyarka ce. Wane wata za ku, Abban Sadiƙ?

Abban Sadiƙ: Afrilu in sha Allahu.

Ɗalibin Fas: Ka dace. Disamba da Janairu ne sanyi da ruwan sama, Yuli da Agusta kuma zafi har ya wuce 40. Afrilu rigar sanyi ɗaya ta isa, don dare da asuba.

Malam Na Zaure: Allah ya yi wa wannan ɗa albarka da zai kai mahaifiyarsa. Ni abin da zan ƙara, kada ku ɗauka Fas baƙon wuri ce gare mu. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajurrumiyya, to littafin mutumin Fas ya karanta, a nan Ibn Ajurrum ya rayu, a nan ya rasu a 1323. Ibn Ashir ma ɗan garin ne. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, kabarinsa na wajen ƙofar Bab Mahruƙ. A maƙabartar Bab Futuh kuwa akwai Sidi Ali bin Hirzihim da Shehu Abdul'aziz Dabbag da malamai da yawa.

Shi Shehu Tijjani ba haifaffen Fas ba ne. A Ainu Madi aka haife shi, cikin Aljeriya ta yau, a 1737. Ya zo ya zauna a Fas a 1798, Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi hannu biyu, ya rasu a 1815 aka binne shi a zawiyarsa. Ka shirya tafiyarku yadda Juma'a za ta faɗo a ciki. Bayan la'asar ake zikirin Juma'a har zuwa magariba, za ka ga mutanen Senegal da Mali da Muritaniya da namu sahu ɗaya. Wasu masu shagunan lungun ma sun iya gaisuwa da yaren Wolof saboda yawan 'yan Senegal. Hajiya ta je da wuri don ta sami jingina a ɓangaren mata.

Abu Sumayya: Malam, Allah ya gafarta, amma gaskiya ɗaya ce. Masallatai uku ne aka ce a ɗaura sirdi dominsu. Kuɗin nan da Umra aka yi da su da ya fi.

Maman Ilham: To fa. An fara.

Mai Kula da Zaure: Abu Sumayya, tambayar masauki aka yi da wuraren gani. Muhawarar nan ta girme mu duka, ba kuma a nan za a kashe ta ba. Wanda ya sake ɗauko ta, ta kowane ɓangare, zan goge.

Abu Sumayya: Na bari, na dai sauke nauyi. Kuma don kada a ce ban san garin ba, na je taro a Rabat na ratsa Fas kwana biyu. Abin da ya taɓa ni Ƙarawiyyin ne. Na shiga magariba, bayan sallama sai na ga mutane sun yi da'ira suna karanta izu da baki ɗaya, da Warshu, irin karatun da kakana yake yi. Na leƙa Alƙur'anin da ke hannun na kusa da ni, fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama, sak rubutun allonmu. Na daɗe a zaune ban tashi ba. Ka lura, yawancin masallatansu ana rufewa tsakanin salloli, sai ka auna lokacin salla. Ka kuma hau tudun kaburburan Banu Marin da yamma. Tasi na kaiwa har sama, Hajiya ba sai ta taka ba. Garin gaba ɗaya za ka gan shi a ƙasa kamar an zuba a faranti, koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. In aka fara kiran salla daga hasumiyoyi, wannan na karɓa daga wancan, ba sai an ce maka ka yi shiru ba. Amma ku sauko kafin duhu.

Malam Na Zaure: Ka ga ashe kai ma ka yi ziyara, ɗana.

Abu Sumayya: Malam, za a goge mu fa.

Ɗalibin Fas: Kusa da tudun nan akwai Burj Nord, ganuwar da Sarki Ahmad al-Mansur ya gina a 1582, yanzu gidan tarihin makamai ne. Shi ne sarkin da rundunarsa ta ƙetare hamada ta rushe daular Songhai a 1591.

Game da Ƙarawiyyin, mace ce ta gina shi, Fatima al-Fihriyya, a 859, da dukiyar gadonta. Iyalinta daga Ƙairawan ta Tunisiya suka yi hijira, sunan ke nan. 'Yar'uwarta Maryam ita ake danganta wa masallacin Andalus da ke ƙetaren kogi, a unguwar da mutanen Kurɗuba suka zauna bayan an kore su daga garinsu. Da can garuruwa biyu ne kowanne da ganuwarsa, sai Yusuf bin Tashfin ya haɗe su. Ɓangaren Andalus ba shi da cunkoson 'yan yawon buɗe ido, nan za ka ga mutanen gari suna harkarsu, yara na kai ƙullin burodi gidan gashi a kan katako.

Makarantu biyu kada ka bari su wuce ka. Attarin tana jikin Ƙarawiyyin, an gama ta a 1325, ƙarama ce, Hajiya za ta iya. Ba wurin da aka bari fili a bangonta, ƙasa tayil, tsakiya sassaƙen farar ƙasa, sama katakon al'ul. In ka hau bene ka ga ɗakunan da ɗalibai suke kwana, wallahi sai ka daina ƙorafin hostal. Bu Inaniyya kuwa ta fi girma, Sarki Abu Inan ya gina ta wajen 1350, tana sama kusa da Bab Bujulud, da ragowar agogon ruwa a bangon da ke fuskantarta. Dabarar ita ce ka ɗauki tasi zuwa Bab Bujulud, ka gangaro ta titin Ɗal'a Kabira har ƙasa, ka ɓulle Rasif. Kada ka yi akasin haka. Wannan kuma kai kaɗai, ranar da Hajiya ke hutawa. In ka ji an ce "balak, balak!" a bayanka, manne da bango, alfadari ne da kaya.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ku duka kun manta majema. Ni don ita na tahi. Shuwara suke ce mata, kuma ba ta da nisa da zawiya. Ta shagunan masu jaka ake hawa bene a leƙo ta, su miƙo maka reshen na'ana'a ka toshe hanci. Ramu ne birjik, farare na toka da kashin tattabara inda ake jiƙa fata, sai masu launi na rini. Mutane a ciki har cinya. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don abin da Turawa suke kira fatar Maroko tun da, ai fatar jar akuyarmu ce ta Maraɗi.

Basakkwace: Ta Maraɗi? Jar akuyar Sakkwato dai, ɗan'uwa. Ku bar cin gadon da ba naku ba.

Ɗan Damagaram: Akuya ba ta san iyaka ba, aboki. Ko fasfo gare ta?

Malamar Tarihi: Ku biyun duka kuna da gaskiya, dangi ɗaya ne. Amma a rage gishiri kaɗan. Fatun da aka jeme a ƙasar Hausa sun ƙetare hamada, sun isa Turai da sunan Maroko, wannan haka ne. Sai dai a ƙarni na 19 babbar hanyar ayarin Kano ta Agadas da Gat da Gadamas take bi zuwa Tarabulus, ba Fas ba. Fas tana da nata majemun da nata fatun tun ɗaruruwan shekaru. Kada wani ya je ya tsaya a kan benen mutane yana cewa kayanmu ne. Alaƙar da ta fi ƙarfi ta littafi ce da malamai. Ko Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Fas ya tashi, kuma littafinsa na ƙarni na 16 ya kawo bayanin Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Agadas.

Tunda na shigo, Abban Sadiƙ, ka ba Fas Jadid rabin yini. Fada ba a shiga, amma ƙofofinta bakwai na tagulla ana tsayawa a gabansu a yi hoto, filin kuma shimfiɗaɗɗe ne. Daga nan sai Mallah, unguwar da aka zaunar da Yahudawa tun ƙarni na 15. Ka ɗaga kai ka dubi gidajen. A Fas al-Bali gida bango ne da ƙofa, duk kwalliyar tana ciki. A Mallah kuwa baranda da tagogi titi suke kallo. Yahudawan kusan duk sun tashi, amma majami'ar Ibn Danan tana nan an gyara ta, da maƙabartarsu mai fararen kaburbura. Tsakanin Fas Jadid da Bab Bujulud akwai lambun Jinan Sabil, inuwa da ruwa da kujeru, ba hawa ba gangara. Nan ne wurin Hajiya da hantsi.

Maman Ilham: Mu koma maganar ciki, don yunwa ba ta san tarihi ba. Ka tafi da yajinka. Abincinsu akwai daɗi amma ba barkono, kuma suna son zaƙi a inda ba ka zata ba. An kawo mana bastila, nama a ciki, sukari da kirfa a sama, Mama ta ɗanɗana ta ture ta ce ita ba ta cin nama da alewa. Abin da ya karɓe ta shi ne harira da yamma, da bisara da safe, wato faten wake da man zaitun, sai tajin na kaza da zaitun. Ranar Juma'a kuskus ne a ko'ina, kuma shaguna da yawa a rufe suke, kada ka bar sayayya sai ranar.

Tsaraba kuwa, Hajiya za ta so kasuwar lalle, ɗan fili ne mai bishiyoyi kusa da Attarin, akwai lalle da kwalli da ruwan wardi da baƙin sabulunsu. Jallabiya da alkyabba da takalman nan masu tsini da suke kira balga, Ƙaisariyya za ku, kusa da hubbaren Maulaya Idris na biyu. Filin Saffarin kuma maƙeran tagulla ne, tun daga nesa za ka ji ƙarar guduma, yana kan hanyarku daga Rasif.

Alhajin Kwari: Nan kam fagena ne. Farashin farko ba farashi ba ne, gaisuwa ce. Ka taya ƙasa sosai, ka ce "gali bizzaf", wato ya yi tsada ƙwarai, ka juya kamar za ka tafi. Kai da ka san Kurmi ba sai an koya maka ba. Kada ka shiga shago da ɗan rakiya, ladansa a cikin kuɗinka yake. In kana son mai zagayawa da kai, masauki su samo maka mai lasisi. Wanda duk ya tare ka a hanya ya ce "can a rufe yake", ce masa "la, shukran" ka wuce. Amma har yanzu ina kan bakana, daren ƙarshe ku kwana kusa da tasha. Jirgin Kasablanka awa huɗu ne ko kusa da haka, ba ka so ka tashi da asuba kana neman mai kura a lungu.

Maman Ilham: Wannan kam na sa hannu.

Baƙon Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Tunda gwiwa ce, akwai ruwan zafi a Maulaya Yaƙub, bai fi tafiyar rabin awa da mota ba, mutane na zuwa don ciwon gaɓɓai. Amma in tana da hawan jini a tambayi likita tukuna, ruwan da zafi sosai, ga warin kibiritu.

Basakkwace: Ba wanda ya ambaci Maknas da kangon Rumawa na Walili, ko Ifran mai sanyi.

Ɗalibin Fas: Kwana biyar da tsohuwa? A bar su sai wani zuwan.

Abban Sadiƙ: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanke: kwana huɗu a ciki ta wajen Rasif, ɗakin ƙasa, na ƙarshe kusa da tasha. Zan dawo da labari.

Abban Sadiƙ: Salamu alaikum, mun dawo jiya, Alhamdu lillahi. Maman Ilham, Hajiya ta ce in gaishe ki da kyau, ta sa ki a addu'a. Asuba huɗu ta samu a zawiya. Tsarin da na rubuta a takarda kuwa rabinsa bai yiwu ba, don ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Senegal, ba mai jin yaren wata, amma kullum suna tare, da ƙyar na ɓamɓare ta muka je Jinan Sabil da tudun da Abu Sumayya ya faɗa. Ni na ɓata sau biyu, tayar akwati kuma tana nan lafiya, Alhaji. Majema ta ƙi hawa benen, ta tsaya a ƙasa ta shaƙi iskar ta ce ta riga ta gani, wai gidan kakanta a Kano a bayan majema yake.

Alhajin Kwari: Barka da dawowa. Nawa ka sayi jallabiyar?

Abban Sadiƙ: Alhaji, wannan sai dai ta waya, don in na rubuta a nan ba za ka bar ni in sha ruwa ba.